Kofur Aku da Muryar Saje Tsawa

Sau uku ana ba Aku igiyar kofur, sau biyu ana karɓewa. Matarsa tela ce, ita ke ɗinka igiyar a hannun rigarsa in an ba shi, ita ke farke ta in an karɓe. A karo na uku ko zama a kan keke ba ta yi ba. Daga tsaye ta ɗosana igiyar da zare ɗaya, ta ce ba za ta ƙarar da zarenta a kan baƙuwar da ba ta daɗewa a gida ba.

Ba don shi ragon soja ba ne. A wajen harbi yana cikin biyar na farko a rundunarsu. Takalminsa in ya goge sai ka ga haƙoranka a ciki, kuma bai taɓa bari begilar safe ta same shi a kwance ba. Ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya neman faɗa. Cutarsa ɗaya ce, tana tsakanin kunnensa da bakinsa. In ya ji mutum ya yi magana sau biyu, to ya ɗauke masa murya ke nan, kamar wanda ya zare hula daga kan mai ita yana barci.

Tun yana ƙarami abin ya same shi. Mahaifinsa direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku ba ya gida, kuma yana da wani tari da yake yi a bakin ƙofa kafin ya shigo. Aku yana da shekara tara ya ƙware a tarin nan. Sai ya laɓe a bayan ƙofa ya saki guda biyu, nan take uwarsa ta zabura ta ɗora ruwan wanka, yayyensa su cusa ƙwallo a ƙarƙashin gado su ɗauki littattafai a juye. Ya sha duka a kan haka har ya daina ƙirgawa. A makaranta ya taɓa tsayawa a bayan taga ya sallami aji guda da muryar hedimasta tun ƙarfe goma na safe. Da ya girma abin ya ƙi barinsa, sai kawunsa ya ba da shawara a kai shi soja, ya ce can ne ake goge mutum kamar riga har ya miƙe. Aka kai shi. Bai cika mako biyu a horo ba sauran kurata suka raɗa masa Aku, sunan ya bi shi har takardun asibiti.

A bariki kowa da abin da yake yi in an tashi daga aiki. Wasu ƙwallo, wasu karta, wani ya kewaye ɗan fili a bayan ɗakinsa yana fama da tumatir, wani yana kiwon tantabaru a tsohon akwatin harsashi. Shi Aku wurinsa benci ne a bayan kicin, ƙarƙashin tankin ruwa. Nan yake zama yana taya kuku yankan albasa ba tare da an sa shi ba, domin duk wanda ke bariki sai ya bi ta wajen, kuma mai jin yunwa ba ya ɓoye muryarsa. A nan ya tara su. Yana da likita, mai cewa a buɗe baki ko da ƙafa ce ke ciwo. Yana da mai sito, wanda yake cewa babu tun kafin a faɗi abin da ake nema. Yana da Kyaftin, mutumin kirki, wanda kowace magana yake farawa da "to, a taƙaice" sannan ya yi minti arba'in bai sauka ba.

In yana gugar kaki a gida sai ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, 'ya'yansa uku suna zaune a ƙasa suna zaɓen wanda za a yi musu. Yakan ce murya ba a maƙogwaro take zaune ba. Ta wani a kafaɗa take, ta wani a tumbi, ta wani a yadda yake ɗaga haɓa. Sai ka tsaya yadda mutum yake tsayawa kafin maganarsa ta yarda ta fito ta bakinka.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ruɗawa ba. Suna sabon aure ya tsaya a ƙofa ya yi sallama da muryar yayan matarsa, don ya ga ko za ta soya naman da ta ce na gobe ne. Ko kai ba ta ɗaga daga kan keke ba. Ta ce ya shigo ya daina wahalar da kansa, Yaya ba ya jan ƙafar hagu.

Muryar da ya fi ji da ita kuwa ta Saje Tsawa ce, babban sajen da ke riƙe da fareti da ladabin bariki gaba ɗaya. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji da gashin baki kamar burushi. In ya ba da oda a filin fareti, tsuntsayen da ke kan rufin ma'ajiyar makamai sai sun tashi. Da tsinken ashana yake auna tsawon gashin soja, da farin hankici yake duba ƙarƙashin gado. Waɗanda suka yi shekara goma da shi sun ce ba su san kalar haƙoransa na gefe ba, domin dariya ce ke nuna su. Wata shida Aku ya yi yana bin muryar nan kafin ta zauna masa. Sai ya gano dole ya tura wuya baya, ya ware yatsun ƙafa a cikin takalmi, ya ji kamar duk duniya ta zo a makare.

Ita ta fara ci masa igiya. Wata Asabar da yamma ana nuna ƙwallo a talabijin ɗin ɗakin hutu, ya zo ya tarar ko wurin tsugunawa babu. Ya koma baranda, ya tura wuya baya, ya ce a fito fareti cikin minti biyu, da cikakken kaki. Kafin ya ƙirga goma ɗakin ya zama wayam. Ya shiga ya zaɓi kujera mai hannu, ya ɗora ƙafa a kan tebur. Mutum arba'in suka jeru a rana, a ƙame, suna jira. Sun fi minti ashirin a haka sai ga Saje na gaskiya a kan kekensa, da rigar gida da silifa, da burodi a rataye a hannun keke. Ya tsaya ya tambayi wanda ya tara su. Suka ce shi ne. Ya jingine keken, ya bi ƙarar talabijin. Aku ya kwana bakwai a gadirum, kurkukun bariki, ya fito hannun riga fayau.

Ta biyu ta wayar tarho ce. Akwai sababbin sojoji talatin da takalmansu suka buɗe baki, suna ɗaure su da waya, alhali sababbi suna jibge a sito shekara guda. Aku ya shiga ofishin da ba kowa, ya ɗaga waya, ya ce wa mai sito da muryar Kyaftin, to, a taƙaice, a raba takalman nan yau. Ya ja maganar minti goma sha biyar don kada a yi shakka. Aka raba. Da labari ya kai ga Kyaftin sai ya shiga tunani, domin duk kalmomin da mai sito ya maimaita masa nasa ne, har ya fara zaton ko shi ya yi ya manta. Akawunsa ne ya tuna masa cewa a daidai wannan lokacin yana kujerar likitan haƙori, bakinsa cike da auduga. Igiya ta sake tafiya. Takalman dai ba wanda ya ce a mayar, kuma yaran nan talatin har suka bar barikin ba su bari Aku ya ɗebi ruwa da kansa ba.

Bayan wannan ya yi shekara biyu yana lallaɓawa. Bai daina ba, ya dai mayar da abin cikin gida da bayan kicin. Aka sake ba shi igiya. Tana da wata biyu a hannunsa aka aiko cewa Janar zai zo duba runduna.

Saje Tsawa ya ɗauki zuwan nan kamar shi kaɗai za a duba. Mako uku, daga ƙarfe shida na safe har rana ta take, mutum ɗari uku suna hagu da dama a fili, shi kuma yana zuba murya ba ƙaƙƙautawa. Aka yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti, aka yi wa waɗanda ke bayansu ma. Ana saura kwana biyu, da safe, ya buɗe baki zai ce a ƙame, sai wani ɗan sauti ya fito kamar an tura ƙyauren da ba mai. Ya sake gwadawa, ko wannan bai samu ba. Likita ya ce ya buɗe baki, wannan karon da dalili, ya leƙa, ya ce kwana goma ba magana, in ya matsa kuma muryar tana iya tafiya ba dawowa.

Hankalin Kyaftin ya tashi. Aka gwada wani saje, muryarsa ba ta kai ƙarshen fili ba. Aka gwada na biyu, shi muryar ta kai, amma sojojin sun saba da yadda Tsawa yake jan kalmar farko ya datse ta ƙarshe kamar da gatari, sai rabi suka juya rabi suna jira. Aka kawo lasifika, ta yi ta kuka kamar an taka wutsiyar kare. Kyaftin da Saje suna zaune a ofis suna neman mafita, kuku ya shigo da shayi. Yana ajiye kofuna ya ce, kamar da bango yake magana, ai muryar ba ta ɓata ba, ya baro ta a bayan kicin tana yankan albasa.

Da aka ce Kyaftin yana kiransa, Aku ya taho yana lissafa laifuffukansa na watan, bai ga wanda ya kai a kira shi ofis ba. Ya shiga ya ƙame ya sara. Ga Saje a gefe, wuya naɗe da tawul, da takarda da biro a gabansa, yana kallonsa kamar yadda ake kallon ƙuda a cikin madara. Kyaftin ya fara a taƙaice, ya bi ta tarihin runduna da darajar fareti, daga ƙarshe ya iso inda za shi: ya yi muryar Saje, yanzu, a nan.

Aku ya ce ya tuba da wannan tun shekara biyu, har ya yi wa matarsa alkawari. A ransa ya tabbata tarko ne.

"Kofur, ba roƙonka nake yi ba," in ji Kyaftin. "Oda ce."

Ya dubi Saje. Saje ya ɗaga gira ɗaya. Sai Aku ya tura wuya baya, ya ware yatsun ƙafa, ya saki. Gilashin taga ya yi ƙara. A ɗaki na gaba akawu ya miƙe zumbur har kujerarsa ta kifa. Shi kansa Kyaftin sai da ya tsinci hannayensa a manne da cinya.

Saje bai motsa ba. Wannan ne karo na farko da ya ji abin da mutane suke ji shekara da shekaru. Sannan ya ja takarda ya yi rubutu ya turo. Aku ya karanta: "Ka yi saurin datsewa. Sake."

Yini ɗaya da rabi suka yi a bayan ma'ajiyar makamai, su biyu, Saje yana koya wa Aku yadda ake zama Saje. Ba baki, sai sanda da takarda. In ya yi daidai sandar ta daki ƙasa sau ɗaya, in ya kuskure ta daki takalminsa. A nan Aku ya gane shekarun nan duk fatar abin ya ɗauka, bai taɓa naman ba. Ashe jan da Saje yake yi wa kalma ba don burga ba ne, lokaci yake ba na ƙarshen layi, wanda sauti ke isa gare shi a makare. Ashe datsewar tana faɗawa ne daidai lokacin da ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, ba kafin ba, ba bayan ba. Ashe in iska tana kaɗowa daga gabas sai ya karkata fuska kaɗan. Mutumin da ya ɗauka ihu kawai ya iya, lissafi yake yi da ƙafafu ɗari shida a kansa. Da yamma ta biyu Aku ya koma gida maƙogwaro yana zafi, ya ce wa matarsa tsohon nan ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Ta haɗa masa ruwan zafi da zuma, ta ce Allah ya sa ganewar ta kai gobe da rana.

Dabarar da aka tsara mai sauƙi ce. Saje zai tsaya a wurinsa na kullum, sanda a hammata. 'Yan badujala suna bayansa da taku biyar, kuma mai babbar ganga wani ƙato ne da in ya rungumi gangarsa mutum biyu za su ɓuya a bayansa. Nan aka cusa Aku, aka ba shi wasu faranti biyu na ƙarfe ya riƙe don a ce yana da aiki. In Saje ya ɗaga diddigen dama ya buɗe baki, Aku ya ba da oda. Sojoji duk sun sani, an kuma gaya musu wanda ya yi ko murmushi zai yi tsallen kwaɗo daga nan har ƙofar bariki.

Janar ya iso ƙarfe tara. Dogon tsoho ne siriri, da tabarau, yana tafiya hannu a baya, kai a karkace kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara. Diddige ya ɗaga, baki ya buɗe, murya ta fito, tsuntsaye suka tashi daga rufi. Mutum ɗari uku suka buga ƙafa kamar mutum ɗaya. Aku yana bayan ganga gumi yana bin bayansa, idonsa a kan diddigen nan kamar ransa a can yake. Sau ɗaya aka kusa tafka ta. Atishawa ta kama Saje, ya ɗaga diddige ya wage baki, Aku kuwa ya ce a juya dama. Runduna ta juya tsaf, a lokacin da ba a shirya ba. Saje ya haɗiye atishawar, ya juya shi ma, ya sake ɗaga diddige aka dawo da su. Daga rumfar manya abin ya yi kama da gwaninta, har wani ya tafa.

Da an tsaya a nan da shi ke nan. Amma bayan Janar ya zaga layuka, maimakon ya koma rumfa, sai ya karkato ya zo ya tsaya a gaban Saje, kusa har inuwarsu ta haɗu. Ya ce ya daɗe bai ga fareti mai tsabta irin wannan ba. Sannan a hankali ya tambaye shi shekararsa nawa a aiki.

Wannan ba ya cikin takarda. Saje ya buɗe baki, iska ta fito. Aku yana hango jijiyar wuyansa tana harbawa. Ya ga in aka ƙara daƙiƙa uku tsohon zai tozarta a gaban duk wanda ya taɓa hora. Sai ya tura wuya baya.

"Shekara ashirin da takwas, ranka ya daɗe!"

Da ƙarfin fareti ta fito, domin Aku bai taɓa jin Saje ya yi magana a hankali ba, bai san yadda take ba. Janar ya ɗan ja da baya. Ya dubi Saje, ya gyara tabarau, ya tambayi lafiyar iyali.

A nan ne tsohuwar cutar ta motsa. Aku ya ji ta tana tasowa tun daga ciki, ya san ya kamata ya ce lafiya lau ya yi shiru, ya kuma san ba zai iya ba.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe! Sai dai uwargida ta ce in rage ihu a gida!"

Bakin Saje a rufe yake ruf lokacin da maganar ta fito. A layin baya wani ya yi wani irin tari mai kama da kuka. Mai babbar ganga yana danne dariya, jikinsa na rawa har gangar tana ɗan gurnani da kanta. Janar ya dubi bakin Saje, ya dubi ganga, ya sake duban bakin. Ya taka a hankali har gaban gangar, ya karkata kai.

"Ita kuma wannan," ya ce, "shekararta nawa a aiki?"

Janar ya juya wajen Kyaftin. Ya ce in an tashi a turo masa gangar ofis, da duk abin da ke bayanta.

A ofis Kyaftin ya fara bayani, Janar ya ɗaga hannu tun a "to". Ya sa Aku ya faɗi yadda aka yi da bakinsa, ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi su wa kuma yake iya yi. Aku ya yi masa likita, ya yi mai sito. Da aka zo kan Kyaftin ya yi ɗan guntu, don mai ita yana tsaye. Sai Janar ya ce, shi fa?

"Ranka ya daɗe, 'ya'yana uku," in ji Aku, "ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba."

Janar ya ce yana jira. Aku ya ga ba mafita. Ya mayar da hannu baya, ya karkata kai, ya taka uku a hankali har gaban kabad ɗin takardu, ya tambaye shi ta hanci shekararsa nawa a aiki. Dogarin Janar ya cusa hularsa a baki. Janar ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, sai da ya cire tabarau yana share ido. Saje kaɗai ne bai motsa ba, yana kallon bango.

Da dariyar ta lafa Janar ya mayar da tabarau, fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce fareti ba wurin wasa ba ne, kuma wanda ya sa wa na gaba da shi magana a baki a gaban runduna ya yi laifi ko da taimako ya nufa. Kwana goma sha huɗu na aikin horo. Igiyar a bar masa. In ya gama, a mayar da shi ɗakin rediyo, domin kunne irin wannan asara ne a bar shi yana yankan albasa. Ga Saje kuma ya ce sojojin da za su juya daidai ko da ganga ce ta ba su oda, an hore su da kyau, kuma shi ya san wanda ya hore su. Kyaftin aka ce ya tsaya bayan kowa ya fita. Abin da aka gaya masa ba wanda ya ji, amma an lura bai daɗe a ciki ba.

Kwana goma sha huɗun a yankan ciyawa suka tafi, daga bakin asibiti har katangar baya. Kullum da la'asar Saje yakan zo ya tsaya a kansa, hannu a baya, ba magana. Aku yana yanka yana jiran ranar da muryar za ta dawo, ya san da shi za ta fara. Ran kwana na goma sha ɗaya ta dawo, a dishe. Saje ya nuna wani wuri da sanda ya ce ya bar ciyawa a can. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, ba tare da ya waiwayo ba ya ce ranar fareti odar ƙarshe ta fita daidai. Iyakar godiyar ke nan, Aku kuma bai nemi ƙari ba. Matar Saje ce ma ta aiko wa matarsa da yadi uku ta ɗinka wa yara, ta ce a gaya wa Kofur shekara ashirin tana faɗin maganar nan ba wanda ya ji sai da ganga ta faɗa.

Ɗakin rediyo ya karɓe shi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai fanka ɗaya da taswira a bango, da na'urori masu shiii ba dare ba rana. Inda wasu ke jin hayaniya, shi mutane yake ji. Kafin mai kira ya faɗi lambarsa ya san ko wane ne. Yana gane wanda ya ce yana bakin gada alhali yana zaune a rumfar mai shayi, yana gane wanda ya ce komai lafiya alhali tsoro ya cika masa ciki. Irin na biyun yakan riƙe shi da hira a kan layi har muryarsa ta daidaita, sannan ya sanar da na sama a tura masa ƙarin mutane.

Bayan shekara biyu Saje Tsawa ya yi ritaya. Aka yi masa taron sallama a kantin bariki da yamma, kujerun roba da lemon kwalba. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Da aka ce ya yi magana, ya miƙe, kowa ya gyara zama don jin nasiha a kan aski da guga. Sai ya ajiye sandarsa a kan tebur. Ya sauke kafaɗa ɗaya, ya lanƙwasa gwiwa kaɗan, ya kai hannu yana sosa bayan kunne. Ya yi magana da wata 'yar siririyar murya mai hawa sama a ƙarshe, kamar mai neman a yi masa rangwame.

"Ranka ya daɗe, wallahi ni wucewa kawai nake yi, sai maganar ta fito da kanta."

Kantin ya kife. Mutane suna dukan tebur, wani ya shaƙe da lemo, likita ya kwanta a kafaɗar mai sito. Saje ya ƙara da wata, ya ƙara da wata, fuskarsa ba alamar wasa. Aku yana dariya shi ma don kada a bar shi a baya, amma kansa yana aiki. Ya bi barikin ɗaki ɗaki a ransa, daga masu gadi har masu wanki, bai sami mai wannan murya ba. Abin ya dame shi, a ce akwai murya a barikin nan da ta wuce shi, har Saje ya riga shi ɗauka. Ya karkata wajen kuku ya tambaye shi a hankali wa ake yi. Kuku ya dube shi, ya buɗe baki, dariya ta ci ƙarfinsa, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Sai a lokacin Aku ya lura duk kantin shi ake kallo, kuma hannunsa yana bayan kunne.

Ya koma gida yana cika yana batsewa. Ya ce wa matarsa tsohon ya ci masa fuska, kuma ko kama babu, shi ba haka yake magana ba. Tana cire zare daga bakin wando ta ce ai kuwa an sha wahala kafin muryar ta zauna wa Saje. Sau huɗu Saje yana kawo mata wando ɗaya a rage masa tsawo, wandon da ba abin da ya same shi, yana zama a bencin shagonta tana gyara masa inda muryar ke hawa. Sannan ta sauke kafaɗa ɗaya ta yi masa ita, ta fi ta Saje kyau nesa ba kusa ba. Yaran suka ce a sake.

Kwana biyu bai kula kowa ba a gidan. A na uku aka ji shi a wajen guga, shi kaɗai, yana gwadawa ƙasa-ƙasa. Ya sauke kafaɗa, ya ɗaga, ya sake saukewa. Daga ƙarshe ya ajiye dutsen guga ya ce wannan murya ba ta da wurin kamawa, ya bar wa masu ita.

Ya ƙara shekara bakwai a ɗakin rediyo, ya fita da igiya uku. Yanzu shi ke tsaron ƙofar wata makarantar firamare, yana da kujera da 'yar rumfa da rediyo ƙarami. Yaran suna sonsa, malamai ma haka. Hedimastan ne kawai, tun da wani ya ba shi labari, in zai wuce ta ƙofa sai dai ya ɗaga hannu.